Keke, Ruwan Sama da Dala 800: Bitar Fim ɗin Take Out

Kafin a ɗora kasko a wuta a fim ɗin Take Out, sai da aka kantara wa mutum guduma a gadon baya. Da sanyin safiya ne, a wani gida na birnin New York da 'yan ci-rani Sinawa suka cunkushe a ciki, kowa ya raɓa inda ya samu yana barci. Mutum biyu suka shigo suna neman Ming Ding. Bashi suka zo karɓa. Suka ce masa kafin dare ya kawo dala 800, in ba haka ba bashin ya ninka, gudumar kuwa don kada ya manta ne. Daga nan Ming ya sa rigarsa ya kama hanyar wurin aiki, domin shi mai kai abinci ne a wani ƙaramin gidan abincin Sinawa na unguwa, irin wanda ake buga wa waya a kawo maka har ƙofar ɗaki.

Sauran fim ɗin, wanda tsawonsa duka bai cika awa ɗaya da rabi ba, wunin aiki ne guda. Ming ya bi 'yan uwa da abokai ya aro kaso mafi yawa na kuɗin. Cikon sai dai ya fito daga tukuicin da masu oda ke miƙa masa a bakin ƙofa, kuma in an lissafa sai ya tara fiye da ninkin abin da ya saba samu a rana. Abokin aikinsa Young, wanda su biyu ke raba kai abincin gidan, ya ce ya bar masa nasa kason na ranar gaba ɗaya. Sai kuma sama ta ɓalle da ruwa. Iyakar labarin ke nan. Mutum ne da keke da leda a hannu, yana hawa bene yana sauka har dare.

Na daɗe ina cin abincin irin waɗannan gidaje kafin in ga fim ɗin. Shekarun da na yi a Bronx akwai ɗaya a kusurwar layinmu, tsakanin shagon wanki da wani kantin kayan masarufi. Duk wanda ya zauna a unguwannin talakawan New York ya san siffarsu: ɗaki ɗan tsukuku, tebur biyu ko uku da ba kasafai ake zama a kansu ba, hotunan abinci a jere saman kanta da fitila a bayansu, launinsu duk ya koɗe, wani wurin ma da gilashi mai kauri tsakaninka da mai karɓar kuɗi saboda 'yan fashi. Takardar jerin abincinsu ba sai ka nema ba, ta ƙarƙashin ƙofarka za a turo maka ita. Mu da ba ma cin alade mukan tsaya a kan soyayyar shinkafa da jatan lande, ko kifi, ko ganye, mu kuma jaddada a waya har sau biyu. Da abu uku nake auna gidan: minti nawa aka yi kafin a ƙwanƙwasa, shinkafar ta iso da zafinta ko ta huce, an cika kwalin ko an yi ƙwange. A duka ukun gidan layinmu bai taɓa ba ni kunya ba. Amma da za a ce in siffanta fuskar wanda ya riƙa kawo mini abincin nan wata da watanni, da na yi shiru. Hannunsa na sani, da jiƙaƙƙiyar hularsa. Mutumin nan da ake gani na daƙiƙa ashirin shi Take Out ya ɗauko ya ce a bi shi daga safe zuwa dare, kuma abin da ya sa fim ɗin ya kama ni ke nan.

Mutum biyu ne suka yi shi, Sean Baker Ba'amurke da Shih-Ching Tsou 'yar Taiwan, waɗanda suka haɗu a jami'ar New School ta New York. Su suka rubuta, su suka ba da umarni, su suka ɗauki nauyi. Abin da suka kashe wajen dala 3,000 ne, da ƙaramar kyamarar bidiyo ta riƙewa a hannu. Sun yi ɗaukar a 2003 a wani gidan abinci na gaske a yankin Upper West Side na Manhattan, gidan kuwa bai daina cinikinsa saboda su ba. An fara nuna fim ɗin a bikin Slamdance a 2004, bai samu shiga gidajen sinima ba sai 2008, sannan aka saka shi cikin masu takarar kyautar John Cassavetes, wadda ake bai wa finafinai masu ƙaramin jari. A 2022 kamfanin Criterion ya gyara shi ya sake fitarwa. Yau sunan Baker ya cika duniya, tunda fim ɗinsa Anora ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 2024, shi kuma ya kwashi Oscar huɗu a 2025. Shi ya sa za ka ji ana kiran Take Out tsohon fim ɗin Baker. Ina ganin wannan tauye haƙƙi ne. Fim ne da galibin maganarsa da Sinanci ake yin ta, a cikin kicin ɗin mutanen da ke da dalilin tsoron kyamara, kuma duk wanda ya kalla zai gane cewa sai da ɗan gari aka samu shiga. Tsou ta ci gaba da shirya finafinan Baker irin su Tangerine da The Florida Project, sai a 2025 ta fito da nata na ƙashin kanta, Left-Handed Girl. Masu shirya fim na wajenmu da kullum ke ɗora laifi a kan ƙarancin kuɗi ya kamata su nemi wannan su kalla, su ga abin da haƙuri da sa ido ke iya yi.

Wurin da na fi so a fim ɗin shi ne kicin. Kyamarar na matsowa har ka ji kamar tururin zai taɓa maka fuska. Ana ɗage ƙofar ƙarfe da safe, a wanke shinkafa, a yanka ganye da nama tuli-tuli, a jera komai kusa da hannu. Idan oda ta shigo, sai ka ga kaskon nan mai zurfi da suke kira wok a kan wuta mai huci kamar ta maƙera, a zuba mai, a watsa nama, a bi da ganye, a ɗebo miya da ludayi, a girgiza kaskon sau uku ko huɗu, an gama. Wanda bai sani ba zai yi mamakin yadda ɗakin da bai fi shagon tela ba ke da jerin abinci sama da ɗari. Sirrin yana cikin aikin safe. Miyar asali 'yan kaɗan ce, mai duhu, mai tafarnuwa, mai zaƙi da tsami, nama kuma an yanka shi an jiƙa tun kafin a buɗe, kazar an riga an yi mata suyar farko. Shinkafar da za a soya ma wadda ta huce ce, domin mai zafi cakuɗewa take yi ta zama tuwo. Saboda haka saurin da muke yabo idan abinci ya iso cikin minti ashirin, tun da hantsi aka biya kuɗinsa da tsayuwa. Fim ɗin bai yi bayanin ko ɗaya daga cikin wannan da baki ba. Hannuwa kawai yake nuna maka, suna yi suna sakewa, har ka gane cewa sana'a ce mai ƙa'ida kamar ƙira ko jima, kuma masu yin ta gwanaye ne.

Har ɗaurin kayan yana da nasa ilimi. Mai miya a ƙasa, busasshe a sama, a jefa 'yan ƙullin miyar waken suya da wata mai zaƙi da suke kira miyar agwagwa alhali babu agwagwa a cikinta, a naɗe bakin jakar takarda, a saka ta cikin leda saboda ruwa, a manna rasit mai adireshi. Farin kwalin nan mai naɗi da mariƙin waya, wanda ya zama tambarin abincin Sinawa a Amurka, ba daga ƙasar Sin ya zo ba. A Chicago aka yi masa rajista a 1894, kuma da farko kawa ake zubawa a ciki. Abincin kansa haka yake. Kaza mai sunan Janar Tso, wadda babu gidan da ba ya sayar da ita, wani kuku ne mai suna Peng Chang-kuei ya ƙirƙiro ta a Taiwan, aka ƙara mata sukari da ta iso New York a shekarun 1970. Janar ɗin da aka laƙaba mata sunansa ya rasu tun 1885, bai taɓa ɗanɗana ta ba. Girki ne na baƙi da suka karanci harshen mai gida suka dafa masa abin da yake so. Dalili kuwa tsoho ne: dokar 1882 ta hana leburori Sinawa shiga Amurka, ƙyama kuma ta kore waɗanda ke ciki daga ayyuka da dama, sai wanki da girki suka rage musu. Ba a soke dokar ba sai 1943, ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai 1965. Yau gidajen abincin Sinawa a Amurka sun haura 40,000. Ban ga laifin wannan girki ba, kuma ba na cikin masu cewa na jabu ne. Na baƙunta ne, yana da tarihinsa, kuma idan aka yi shi da wuta mai kyau da mai sabo yana da daɗi ƙwarai.

Sai Babbar Yaya, matar da ke kan kanta. Sunanta na gaske Wang-Thye Lee, kuma ba 'yar fim ba ce, aikinta ke nan a gidan da aka yi ɗaukar. Ita ce ran fim ɗin. Waya maƙale a kafaɗa, biro a hannu, tana karɓar oda da Turancin kasuwa, gajere mai kaifi, ta juya ta ƙwala wa kicin da Sinanci, ta dawo ta ba wani canji, duk a numfashi ɗaya. Da yawa daga masu shigowa saye a fim ɗin abokan cinikin gidan ne na ainihi, shi ya sa babu ƙarya a hayaniyar. Wannan yana neman ragi, wancan yana neman a ƙara masa miya kyauta, wani ya zo da tsokana, wani da tsiwa. Ta san wanda za ta yi wa dariya, ta san wanda za ta tsare da ido, ta san inda za ta sassauta da inda ba za ta motsa ba. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai tuwo a tasha ya ga yadda take sarrafa direbobi da 'yan kamasho ba tare da ta ajiye mara ba, ya san wannan mata. Abin da muke kira kyakkyawar mu'amala a gidan abinci, a nan ba lanƙwasa murya ba ce. Riƙe oda goma ne a ka ba tare da an kai wa mai jatan lande alade ba, da kuma tsayawa tsakanin fushin mai saye da yaranta na kicin. Da za a ba ni zaɓi in sake kallon yanki ɗaya kawai, nata zan zaɓa.

Amma ƙashin bayan fim ɗin ƙofofi ne. Ming ya ɗaure keke, ya danna ƙararrawa, ya hau, ya ƙwanƙwasa, a buɗe, ya miƙa leda, ya karɓi kuɗi, a rufe. Sai wata ƙofar. Sai wata. Masu fim ɗin ta intanet suka yi cigiyar mutanen da za su yarda a ɗauke su a ƙofar gidajensu na gaske a kan 'yan daloli, saboda haka abin da kake hangowa ta bayan kafaɗarsu ɗakunan mutanen New York ne kamar yadda suke: na mai hali da na talaka, na tsoho shi kaɗai, na ɗalibai, na uwa da yara suna kuka, farare da baƙaƙe da 'yan Latin Amurka. Wata tana waya ba ta ko ɗaga ido ba. Wani ya ƙirga canjinsa har sisin ƙarshe. Wani ya ce ba abin da ya yi oda ba ke nan, a koma a sauyo, Ming kuwa ba shi da Turancin da zai kare kansa, kuskuren ma ba nasa ba ne. Wasu kuma sun ga yadda ya jiƙe sharkaf sun ƙara masa wani abu da fara'a. Fim ɗin bai mai da masu saye azzalumai ba, kuma wannan adalci ne da na yaba. Yawancinsu mutane ne masu jin yunwa da ke son a rufe ƙofa su ci abincinsu, kamar yadda nake yi.

Na ji masu cewa maimaicin nan yana gundura. Ni a wurina shi ne dabarar. Wajen ƙofa ta goma sai na tsinci kaina ina lissafi tare da Ming, dala biyu a nan, ɗaya a can, nawa ya rage, ƙarfe nawa yanzu. Hannun mai saye idan ya shiga aljihu sai gabana ya faɗi. Kusan babu kiɗa a fim ɗin da zai gaya maka lokacin da za ka ji tausayi, sai ƙarar ruwa a kan rigar leda, da hon ɗin motoci, da numfashin mai hawa bene. Ruwan ma na Allah ne, domin sun dace da wata mai yawan ruwa, suka ɗinke kwanakin ɗaukar suka zama wuni ɗaya. Ana yawan kwatanta fim ɗin da Ɓarayin Keke na Vittorio De Sica, na Italiya a 1948, kuma kwatancen ya yi daidai: a duka biyun keke ne ke tsakanin mutum da yunwa, har idan taya ta yi faci sai ka ji kamar an yi rasuwa.

Akwai wata 'yar shawara da Young ya ba shi wadda ta tsaya mini a rai. Ya ce ya riƙa murmushi yana godiya da Turanci, tukuici zai ƙaru. Shawara ce ta gaskiya, kuma ta mai ƙauna. Amma Ming ya kasa. Charles Jang, wanda ya fito a matsayinsa, ya riƙe fuskar nan a ɗaure kusan fim ɗin duka, ido a ƙasa, magana ƙwaya-ƙwaya. Da farko za ka ɗauka girman kai ne ko taurin kai. A hankali za ka gane cewa mutum ne da bayansa ke zogi, kansa cike da lissafi, yana da mata da ɗa a gida da ya baro, ga kunyar bashi, ga harshen da ba ya ji. A nan fim ɗin ya taɓa wani abu da masu rubuta ra'ayi kan gidajen abinci ba sa tunawa. Mukan rage wa gida maki mu ce mai kawowar ba shi da fara'a. A tsarin Amurka kuwa, inda albashin irin wannan ma'aikaci ƙanƙani ne kuma tukuici ne abincinsa, fara'ar ma kaya ce da ake sa ran ya ɗauko tare da ledar, ko yana da ita a ranar ko babu.

Bashin da ke wuyan Ming ba ƙagaggen abu ba ne. Tun daga shekarun 1980 zuwa farkon wannan ƙarni, yawancin masu aiki a ƙananan gidajen abincin Sinawa na gabashin Amurka daga lardin Fujian suka fito, musamman garuruwan da ke kewaye da birnin Fuzhou. Masu fasa-ƙwaurin mutane da suke kira kan maciji ne ke shigo da su a kan dubban daloli masu yawa. Yadda abin ke tafiya, da mutum ya iso sai dangi su haɗa kuɗi su sallami kan macijin, shi kuma ya shafe shekaru yana biyan dangin daga albashinsa. Wanda ya gaza, ko ya ƙosa ya sauke nauyin 'yan uwa, shi ke faɗawa hannun masu ba da bashi da ruwa, kuma ramin da Ming ya faɗa ke nan. Amurkawa da yawa ba su san da wannan harka ba sai ranar 6 ga Yuni 1993, da jirgin ruwan Golden Venture ya kafe a gaɓar Rockaway ta New York ɗauke da mutum 286, goma suka mutu a ƙoƙarin isa tudu. Matar da ta fi shahara a sana'ar fasa-ƙwaurin nan, Cheng Chui Ping, an yanke mata ɗaurin shekara 35 a 2006, ta rasu a kurkuku a 2014. Mai karatu da ya san labarin yaranmu da ake sayar da gona a tura su ta Agadez zuwa Libiya ba ya buƙatar a fassara masa abin da ke cikin zuciyar wanda gida duka ke jiran saƙonsa. Fim ɗin bai yi wa'azi a kan wannan ba. A hirar ma'aikata yake sako shi, a bayan kicin, lokacin da aka ɗan samu sararin zama, yadda mutane ke maganar ciwon da kowa a wurin ya taɓa yi.

Yana da rauninsa. Hoton bidiyon zamanin ne, wani wurin duhu, wani wurin rawa, ko da yake gyaran 2022 ya rage wannan. Wasu daga masu buɗe ƙofa sun san kyamara na kallonsu, sai suka ƙara gishiri, kana gani ka san wasa ne. Harshen da ake yi Sinancin Mandarin ne, alhali a ainihin irin waɗannan kicin ɗin harshen Fuzhou ne ya fi yawa, wanda mai jin Mandarin kaɗai ba ya gane shi. Jang kansa ɗan asalin Koriya ne da ya koyi Sinanci. Mu ba za mu ji bambancin ba, amma waɗanda aka yi fim ɗin a kansu za su ji. Kuma an rufe cikin Ming da yawa. Na so a ce an bar mu mun ji muryar matarsa sosai, ko mun ga abu ɗaya da ke sa shi dariya, domin mutum ya fi bashinsa faɗi.

Babban abin da na yi ta jayayya da shi a raina shi ne abin da ya faru dab da ƙarshe, kuma wanda bai kalla ba ya yi haƙuri zan faɗa. Bayan Ming ya haɗa kuɗin da ƙyar, a kai abincinsa na ƙarshe, samari biyu suka tare shi a cikin lifta da bindiga suka kwashe komai. Fim ɗin da ya yi awa guda yana tafiya da ƙafar gaskiya, a nan sai na ji hannun marubuci ya shigo ya tura shi. Tun kafin ƙofar liftar ta rufe na san abin da zai faru, kuma ba na son in riga fim sani. Abin da ya fanshe shi shi ne abin da ya biyo baya. Taimako ya zo daga cikin kicin, daga Wei, mai girkin da Ming bai roƙa ba, wanda ma ba su cika jituwa ba. Babu rungume-rungume, babu hawaye. Mutum ne da ya taɓa bin wannan hanya ya ga ƙaninsa zai nutse ya miƙa hannu, da 'yar faɗa a bakinsa irin ta babban wa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma Ming bai fita daga bashi ba, mai binsa kawai aka sauya. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin mai binka da guduma da mai binka da kuke cin abinci a kwano ɗaya.

Wannan ne ma ya sa kallon fim ɗin a yau ke da wani ɗaci na daban. Shekara ashirin da 'yan kai bayan ɗaukarsa, kai abinci a New York ya koma hannun manhajoji irin su DoorDash da Uber Eats da Grubhub, keken ƙafa ya koma na lantarki, masu tuƙa shi kuma da yawa 'yan Latin Amurka ne da 'yan Afirka ta Yamma, daga Gini da Senegal da Mali da maƙwabtansu. In ka bi ta gaban masallatan Harlem da Bronx lokacin salla za ka ga kekunansu a jere da manyan jakunkuna a baya. Birnin ya kafa musu mafi ƙarancin lada, wanda ya fara daga dala 17.96 a awa a Disamba 2023, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai yaron manhaja ba shi da Young da zai bar masa kasonsa, ba shi da Babbar Yaya da za ta tare masa mai saye a waya, ba shi da Wei. Waya ce ke aikensa, taurari ake ba shi ko a hana shi. Gidan abincin unguwa mai nasa ɗan aike, da duk wahalarsa da ƙarancin albashinsa, gida ne, kuma Take Out ya kama shi a hoto daidai lokacin da yake shirin sauyawa.

Game da liftar nan kuwa, daga baya na sassauta hukuncina, ko da yake har yanzu ina ganin an yi gaggawa wajen saka ta. Fashi da kisan masu kai abincin Sinawa abu ne da ya sha faruwa a New York a waɗannan shekaru, domin kowa ya san suna ɗauke da tsabar kuɗi, kuma marar takarda ba ya son zuwa wurin 'yan sanda. A watan Afrilu 2005, shekara ɗaya bayan an fara nuna fim ɗin, wani mai kai abinci ɗan Fujian ya shiga dogayen benayen Tracey Towers a Bronx da oda a hannu, bai fito ba. 'Yan sanda suka ɗauka an kashe shi. Suka bi ginin ƙofa-ƙofa, suka bincika har tafkin ruwan da ke kusa. Ashe lifta ce ta maƙale da shi tsakanin hawa da hawa, ya yi awa 81 a ciki ba ci ba sha kafin a fito da shi da rai. Duk kwanakin nan da ake nemansa, kekensa na nan ɗaure a wajen ginin, inda ya bar shi da niyyar dawowa cikin minti biyar.